Samba da bossa nova: ina bambancin yake?

Samba kiɗan taro ne na ƙasar Brazil. Jikokin bayin Afirka da suka taso daga jihar Bahia suka raya shi a birnin Rio de Janeiro. Babbar gangar surdo ce ginshiƙinsa, kuma nauyinta a bugu na 2 yake sauka. Mai koyo ya ɗora shi a na 1, rawa ta watse. Sai pandeiro, ƙaramar gangar hannu mai ƙananan ƙarafa a gefe, da cavaquinho, ƙaramar jita mai tsirkiya 4, su cike tsakani.

Bossa nova kuwa, wadda mawaƙin Brazil João Gilberto ya fito da ita a 1958, ta tattara gangunan nan cikin jita guda: babban yatsa na aikin surdo, sauran yatsu na kaɗa tsirkiya a karkace, wato ba daidai kan bugu ba, murya ƙasa-ƙasa. Nan wahalar take, domin da zarar babban yatsa ya bi 'yan uwansa, kiɗan ya mutu.