Wata Huɗu da Ɗora Manhajar 'Yan Albasa a Kan Sabar Haya

Manhajar da na rubuta wa wasu dillalan albasa a nan Sakkwato tana riƙe lissafin buhunan da ake kawowa daga Goronyo, da kuɗin da aka biya, da bashin da ya rage. Da kayan gina manhaja da ake kira React na gina fuskarta, aikin bayan fage kuma da wani mai suna Node.js, bayanai suna zaune cikin ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL. Da farko a wata tsohuwar kwamfuta take a shagona, amma da Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, wuta kuma ba ta zama, sai ya zamana dillali yana tsaye gaban mota ana sauke kaya, shafi ya ƙi buɗewa. Wannan ne ya sa na koma ga wani kamfanin da ke ba da hayar saba ta intanet, wato kwamfutar da manhaja ke zama a kanta domin a riƙa buɗe ta daga ko'ina.

Ɗorawar ta zo da sauƙi. Na haɗa asusuna na GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, na zaɓi cibiyarsu ta Frankfurt a Jamus saboda ta fi na Amurka kusa da mu, na zuba kalmomin sirri a inda aka tanadar musu maimakon barinsu cikin rubutun manhaja. Yanzu duk gyaran da na tura, da kansa yake hawa, kuma takardar tsaro ta HTTPS, wadda ke kare bayanai tsakanin mai buɗe shafi da saba, tana sabunta kanta.

Inda na sha wuya shi ne tsarin kyauta na kamfanin, wanda na fara da shi. Idan an jima ba a taɓa manhajar ba sai ta yi barci, wanda ya fara buɗewa bayan sallar Asuba ya yi ta jira, har wani dattijo ya kira ni yana tambaya ko lissafinsa ya salwanta. A ganina bai dace a ɗora dukiyar mutane a kan wannan tsari ba, shi ya sa na koma tsarin biya, duk da cewa da dala ake biya kuma sai da katina na naira ya ƙi sau biyu. Kuskure ɗaya nawa ne: agogon sabar yana bayan na Najeriya da awa 1, sai rasit ya riƙa fita da lokacin da ba daidai ba har na gyara.

Tun daga nan manhajar ba ta tsaya ba. Duk da haka, kowace Juma'a ina sauke kwafin bayanan in ajiye a wurina, domin bashin mutane ne a ciki.