Dutsen washi mai fuska biyu: ya isa ya gyara aska?

Kaifin da ke yanka takarda bai isa ya bi gemu ba. Gashin fuska yana da tauri, fatar da ke ƙarƙashinsa kuma ba ta jure ja, shi ya sa askar da ta ɗan dakushe take barin mutum da raɗaɗi da ƙuraje. Don haka na sayi dutsen washi irin na ruwa, mai fuska biyu, ɗaya lamba 4000, ɗaya 8000. Yawan lambar shi ne laushin dutsen.

Bai zo a daidaice ba. Sai da na zana layuka da fensir a kansa, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa a kan gilashi, na yi ta gugarsa har layukan suka ɓace duka. Wannan aiki ba na tsallakewa ba ne, domin dutse mai ɗan kwari a tsakiya yana cin wani sashe na bakin aska ya bar wani. Ga shi kuma da shan ruwa, sai an jiƙa shi kafin a fara.

Inda ya burge ni shi ne yadda hannu yake jin aikin. Ana kwantar da askar ne gaba ɗaya, bayanta da bakinta duka suna taɓa dutsen, don kaurin bayan shi ke tsayar da kusurwar washin. Baki a gaba, a ja ta a karkace daga gindi zuwa tsini, a juya ta ta baya, a dawo. Ba a dannawa, nauyin askar kaɗai ya wadatar. A fuskar 4000 za ka ji ɗan ƙaiƙayi ƙarƙashin ƙarfen, ruwan yana yin baƙi-baƙi. Da na koma 8000 sai ƙarar ta kwanta, askar ta fara kama dutsen kamar ana riƙe ta, ruwan yana hawa kan bakin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wannan alamar na fi yarda da ita a kan lissafin sau nawa aka ja. Wasu suna manna salatif a bayan askar don kada ya cinye, ni ma haka nake yi.

Amma dutsen yana da iyaka. In askar ta mutu sosai, ko bakinta ya ɗan ɓalle, 4000 zai ɓata maka lokaci. Sai an fara da 1000 har gefuna biyu na bakin su haɗu a layi ɗaya. A shafa wa bakin tawada a ja sau kaɗan: duk inda tawadar ta rage, dutse bai kai wurin ba, kuma 8000 ba zai kai ba, sai dai ya sa wurin da ya taɓa ya yi ƙyalli.

Bayan washi na goga ta a kan jemammiyar fata a miƙe tsaf, wannan karon baya ne a gaba. Ta aske gashin hannu ba tare da ja ba, ta bi kumatu sumul. A ƙarƙashin haɓa ne, inda gashi ke juyawa, na ɗan ji ta. Wanda fatar fuskarsa ke saurin raɗaɗi zai so ya ƙara da dutse na 12000. Wanda askarsa ke da rai, gyara kawai take nema lokaci-lokaci, wannan dutsen da jemammiyar fata sun ishe shi.