Bulubari: ka tsinko da hannunka ko ka saya a kanti?

Duk mai iyali a Amurka ya san bulubari, ɗan itacen nan mai girman magarya da launin ɗinya, wanda yara ke watsawa a baki kamar gyaɗa. Kuɗinsa ne ke da ciwo. Shi ya sa da zarar zafi ya shigo, ƴan uwa a Niyok suke tambayata ko ya fi a je gona a tsinko.

Na kanti shi ne mafi sauƙi, kuma ana samunsa duk shekara. Sai dai ka duba takardar da ke jikin robar. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, yawancinsa daga Peru da Chile da Meziko ake kawo shi, ya sha doguwar hanya kafin ya iso hannunka. Bulubari kuwa ba kamar mangwaro ba ne da za ka ajiye ya ƙara nuna. Yadda aka cire shi daga reshe, haka zaƙinsa zai tsaya. In za ka saya, ɗaga robar ka leƙa gindinta. Ka ga jan ruwa ko wanda ya lotse, mayar da ita.

Daskararre kuma bai kamata a raina shi ba. Na jihar Maine ƙanana ne, na daji, a watan Agusta ake kwashe su, kuma kusan duka daskarar da su ake yi nan take. In a yogot ko kunu za ki zuba, Hajiya, ko a markaɗa wa yara, wannan ya wadatar.

Amma ni dai gona na fi so, musamman na kudancin New Jersey wajen garin Hammonton, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Niyok. Ƙasar wurin yashi ce mai tsami, irin wadda bishiyar ke so. A wannan jihar ce Elizabeth White da Frederick Coville suka fara fitar da bulubarin noma kasuwa a 1916. Kakarsa a can gajeriya ce, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Agusta, kuma makon da ka je shi zai yanke irin da za ka samu. Duke ne ke fara nuna, manya ne masu ƙarfi, ɗanɗanonsu bai da kaifi. Bluecrop na biye masa a Yuli, shi ne nake jira kowace shekara, don zaƙinsa da ɗan tsaminsa sun daidaita. Elliott na zuwa a ƙarshe, tsaminsa ya fi yawa. Ka kira gonar kafin ka tashi, ka tambayi wane iri ne a buɗe, ko ana biyan kuɗin shiga, da kuma ko za ka zo da bokitinka. Da awo ake sayarwa, fam ɗaya giram 454 ne.

Ka isa da sassafe, kafin rana ta ɗaga ta tausasa ƴaƴan. Ka rataya bokiti a ƙugu domin hannuwanka biyu su samu aiki. Ka tallafi curin a tafin hannu ka murza da babban yatsa a hankali: nunannu za su zubo da kansu, ɗanyu su maƙale. Wanda sai ka ja shi, bar shi. Juya ɗaya ka dubi wajen da ya kama reshe, in akwai sauran ja ko kore a nan, tsami ne zalla. Farin hodar nan da ke lulluɓe da shi kamar ƙurar hunturu ba datti ba ce, alama ce cewa hannu bai jagwalgwala shi ba. Kuma ka sunkuya ka leƙa cikin bishiyar, don na gefen hanya mutane suke kwashewa su bar manyan a ƙarƙashin ganye.

Sai dai a yi lissafi tun daga gida. In ka haɗa kuɗin mai da na gada da na babbar hanya, roba biyu ko uku ba za su fanshe tafiyar ba. Riba tana ga wanda zai cika bokiti da yawa kuma yana da wuri a firiza. A firji kwana goma zuwa mako biyu yake yi, shi ma in ba a wanke ba, don ruwa ke jawo masa fumfuna. Sauran a baza a faranti su daskare, sannan a juye a leda.

Wanda ke tare da tsohuwa ko jariri, ko mai ciwon baya, ya tsaya a rumfar bakin gona. Ya ɗan fi na tsinka tsada, amma galibi tsinkar ranar ce ko ta jiya, kuma ka iya roƙon su ba ka ka ɗanɗana kafin ka biya.