Boya BY-M1 da Hollyland Lark M2: wanne ya dace da mai bayanin kimiyya a bidiyo a Legas?

Marubucin da ya daɗe yana bayanin kimiyya a rubuce, in ya yanke shawarar komawa bidiyo, kyamara yake fara tambaya. A Legas kuwa makirfo ya kamata ya fara saya. Wayar Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunsa za ta ba shi hoton da zai wadatar in akwai haske, amma babu wayar da za ta raba muryarsa da janaretan maƙwabci, da hon ɗin danfo, da jirgin ƙasa da ke ratsa Agege, da jiragen sama masu sauka a filin Murtala Muhammed. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi. In bai ji sunan sinadarin da aka ambata ba, wucewa zai yi.

Dalilin da ya sa makirfon maƙalawa a riga ya fi na jikin waya lissafi ne. Duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Wayar da aka kafa a nisan santimita 160 da makirfon da ke ƙirji a santimita 20, tazarar ta ninka sau uku a tsakaninsu (20 zuwa 40, zuwa 80, zuwa 160), wato kusan desibel 18. Ƙarar janareta kuwa ɗaya ce a wuraren biyu, tunda daga nesa take zuwa. Wannan ratar ce ake saya da kuɗi, ko da igiya ko babu.

Boya BY-M1, makirfon maƙalawa a riga mai igiya, shi ne tsohon hannu a wannan fage, kuma da wuya ka zaga Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba ba ka same shi ba. Igiyarsa mita 6 ce, bakinta na milimita 3.5 mai zobe uku. A tsakiya akwai ɗan gwangwani mai ɗaukar batir LR44, irin na agogo da kalkuleta, wanda wasu shaguna suka fi sani da AG13. A jikin gwangwanin akwai makunni mai matsayi biyu, kuma a nan yawancin masu cewa "ba ya aiki" suke tuntuɓe. In da waya za a ɗauka, makunnin yana zama a kashe, domin wayar ce ke ba makirfon wuta. In da kyamara ce ko na'urar naɗar sauti, sai a kunna, batirin ya yi aikin. Wanda ya manta shi a kunne a cikin jaka, zai tarar batir ya mutu ranar da ya fi buƙatarsa.

Sautinsa, in aka yi la'akari da kuɗinsa, ba a cewa komai. Murya tana fita a cike, tana da ɗan kauri a ƙasa, sama kuma ba ta da kaifi sosai. Yana da siririn huci a bayan murya wanda ake ji a ɗaki shiru da iyafis, amma ɗaki shiru ba abin da ake samu a Mile 12 ko Idi-Araba ba ne. Babban amfaninsa shi ne ba ya taɓa sautin. Abin da ya ji shi yake miƙawa, gyara kuma sai a kwamfuta.

Matsalolinsa duk daga igiyar suke. Mita 6 tana harɗewa, kuma wurin da ta shiga gwangwanin batir nan ne take fara karyewa ta ciki. Alamar ita ce ƙaras-ƙaras in an motsa. Na biyu, in wayar tana caji yayin ɗauka, musamman a kan wutar janareta ko da cajar banza, wani ƙugi yana shiga sautin. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙugin kuma yana zuwa a 50 Hz da 'ya'yansa a 100 da 150. A kan wutar NEPA ana iya yanke shi da matatar da aka saita daidai wannan lamba a Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta. A kan ƙaramin janareta abin ya fi wuya, saboda gudun injin yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa, ƙugin ma yana yawo tare da shi. Maganin mai sauƙi ne: a cika waya da caji, a zare caja, sannan a fara. Na uku, wayoyi da yawa yanzu ba su da ramin iyafis, iPhone ma tun ta 7 a 2016 ta rabu da shi. Sai an haɗa da 'yar adafta, kuma ba kowace adaftar USB-C ce ke wucewa da sautin makirfo ba. Wasu na sauraro ne kawai.

Sannan ga wanda zai yi gwaji a gaban kyamara, igiya a kan tebur mai kwalabe da risho haɗari ce. Hannu ɗaya ya ja ta, tafasasshen ruwa ya kife.

Nan ne Hollyland Lark M2, makirfo mara igiya, ya shigo. An fitar da shi a farkon 2024. Makirfon kansa kamar babban maɓallin riga yake, nauyinsa giram 9, ana manna shi da maganaɗisu ta bayan yadi ko a maƙala shi da ɗan maƙali. Biyu ne a cikin akwatin caji, tare da na'urar karɓa da ake sokawa a waya ko a ɗora a kan kyamara. Akwai mai bakin USB-C, akwai mai bakin Lightning na tsofaffin iPhone, akwai na kyamara, akwai kuma wanda ya haɗa duka. Kamfanin ya ce kowane maɓalli yana kai awa 10 a caji ɗaya, akwatin kuma yana sake cika su. Yana ɗaukar sauti a 48 kHz da bit 24, wanda shi ne ma'aunin da bidiyo ke so. Kuɗinsa ya ninka na Boya sau da yawa, kuma yana bin dala, don haka farashin wannan wata ba lallai ya kai wata mai zuwa ba.

Nisan mita 300 da aka rubuta a kwali cewa yana kaiwa, a fili ne, ba komai tsakani. Na'urar tana aiki a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth suke cunkushe, kuma ruwa yana shanye wannan zango. Murhun maikrowef ma a 2.45 GHz yake dumama abinci. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne. In ka juya wa kyamara baya kana rubutu a allo, jikinka ya shiga tsakanin maɓalli da na'urar karɓa. A cikin ɗaki ba za a ji wani bambanci ba. A nisa mai yawa, ko a wuri mai tarin wayoyi irin titin Otigba da ke Computer Village, sauti yana iya tsinkewa.

Abin da ake tallata shi da shi, wato rage hayaniya da maɓallin rawaya da ke gefensa, shi ne wurin da mai bayanin kimiyya da Hausa zai yi taka-tsantsan. Yana aiki, babu musu: a danna shi kusa da titi, ƙugin motoci ya ja baya. Amma yadda yake aiki shi ne ya yi hasashen mene ne murya, sauran ya danne. Ɗauki gwajin da kowane gida zai iya yi: a jiƙa kanwa, a matsa mata lemon tsami, ta yi kumfa saboda iskar kabon dayokzaid da ke fita. Wannan "shuuu" ɗin rabin darasin ne, na'urar kuma hayaniya ta ɗauke shi, sai ta shafe. Haka tafasar ruwa, haka hucin balan-balan, haka ƙarar ƙaramar mota mai batir da aka haɗa don nuna yadda maganaɗisu ke juya ta. In darasin na launi ne, kamar zoɓo da ke ƙara ja da lemon tsami ya kuma yi duhu in an zuba masa ruwan kanwa, ba a yi asarar komai ba. In na sauti ne, a kashe.

Ita kanta muryar tana biyan haraji. In an sa rage hayaniyar a mataki mai ƙarfi, gajerun sautuka masu kaifi ne suke fara dusashewa, Hausa kuma a kansu ta dogara: ƙ da k, ɗ da d, ts da s. Wanda ke bayanin tsatsar ƙarfe ko ƙwayoyin cuta yana buƙatar kowane harafi ya fito a tsaye, tunda kalmomin fannin da yawa sababbi ne a kunnen mai sauraro, ba zai iya cike gurbin da kansa ba. Manhajar wayar da kamfanin ya yi wa makirfon tana ba da damar sauke shi zuwa mataki mai sauƙi. A ganina nan ne iyakar inda ya kamata a kai, shi ma sai a waje. A ɗaki a bar shi a kashe, a ɗauki daƙiƙa 10 na shiru a farkon kowace ɗauka, a nuna wa Audacity wannan a matsayin samfurin hayaniya, a rage da desibel 6 zuwa 9. Abin da aka rage a kwamfuta ana iya mayar da shi. Abin da maɓallin ya shafe tun a wurin ɗauka ya tafi ke nan.

Babban rauninsa shi ne ba ya naɗar sauti a cikinsa. Rode Wireless GO II da DJI Mic 2 suna ajiye kwafi a jikin makirfon, in sigina ta yanke a ɗauko daga can. Lark M2 ba shi da wannan, kuma ba shi da ramin da za a soka wani makirfon igiya. Gwajin da sinadarinsa ya ƙare ko hira da malamin jami'a da aka sha wuya kafin a samu lokacinsa, ba a maimaita su cikin sauƙi.

Tufafi ma suna da ta cewa. Shadda mai sitaci tana ƙara da kowane motsi, kuma makirfon da ke manne da ita ya fi jin ta fiye da kunnenka. Aikin babbar riga mai kauri yana raunana maganaɗisun, maɓallin ya zame ko ya faɗi, kuma abu mai giram 9 in ya shige ƙarƙashin kujera sai an yi da gaske. Kaftani mai laushi ya fi. Ga mai hijabi, a manna shi a waje, taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a kuma tabbata gefen mayafi ba ya goga shi. In akwai fanka ko iskar teku irin ta Lekki, a sa masa hular gashin da ya zo da ita. Takardar rubutu kuma kada a riƙe ta a hannu, a jingina ta kusa da kyamara. Maƙala mai kalma 1,500 tana cin kusan minti 10 in an karanta, kuma kowane juyin shafi zai fito.

Wajen saye, a tafi da wayar da za a yi aiki da ita, a shiga shago mai ba da rasit, ba wajen masu tarar mutum a bakin kasuwa ba, domin jabun Boya sun yi yawa. A gwada a gaban mai shago: a fara ɗaukar bidiyo, a ɗan ƙwanƙwasa kan makirfon da farce, sannan a ƙwanƙwasa gindin wayar. In ƙarar ta biyu ce ta fi fitowa, wayar ba ta ga makirfon ba, nata take amfani da shi. A wasu wayoyin Android sai an kunna OTG a saiti, wato abin da ke bari waya ta karɓi na'urar da aka soka mata ta USB, a wasu kuma manhajar kyamarar ce ba ta karɓar makirfon waje. Manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana bari a zaɓa. In Lark M2 ne, a gwada makirfon biyu, kowanne daban. Wajen ɗauka, a bar ƙololuwar sauti tsakanin desibel -12 da -6 a ma'aunin manhajar, a ƙarshe a daidaita shi wajen -14 LUFS (ma'aunin matsakaicin ƙarfin sautin gaba ɗaya), domin YouTube yana sauke abin da ya wuce haka amma ba ya ɗaga wanda ya yi ƙasa. Laimar daminar Legas kuma tana sa bakin igiya ya yi tsatsa, a riƙa ajiye kayan a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin takalmi.

Wanda zai zauna ya yi bayani da zane da hotuna, Boya ya ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi fitila da labule mai kauri don kashe amsa-kuwwar ɗaki mai tayil. Wanda hannayensa za su kasance cikin gwaji, Lark M2 ya cancanci kuɗinsa, amma ya haɗa da Boya ɗin ma: a soka shi a wata tsohuwar waya, a naɗe igiyar a sa duka a aljihu tana naɗar kwafi na biyu, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara magana, da wannan tafin za a jera sautukan biyu wajen tacewa.