OptimumLap: manhajar da ya kamata ku fara buɗewa kafin ku zana motar tsere

Jama'a duk ɗaliban da ke shirin haɗa mota don gasar Formula SAE ko Formula Student, don Allah ku gwada wannan manhaja ta kamfanin OptimumG tun kafin ku taɓa ƙarfe. Kyauta ce, a kwamfuta ake sa ta.

Abin da ya burge ni shi ne sauƙinta, za ka zuba nauyin mota, ƙarfin inji, giya, girman taya da yadda tayar ke kama titi, sai ta lissafa maka lokacin da motar za ta ɗauka ta zagaye fili, kuma kana canza abu ɗaya nan take ka ga bambanci. Mu a ƙungiyarmu mun daɗe muna gardama a kan inji, kowa na son babba tunda dokar gasar ta yarda girman inji ya kai har cc 710, amma da muka gwada sai muka ga rage nauyi da samun taya mai kyau sun fi ƙara ƙarfin inji amfani, balle ma akwai maƙurar iska ta milimita 20, wato ƙaramar kafa mai rage iskar da ke shiga inji, da dole a saka wa injin fetur.

Sai dai fa tana ɗaukar motar kamar dunƙule guda ne, ba ruwanta da sifirin ko yadda nauyi ke komawa gefe a kwana. Kuma ba za ta faɗa maka ko motar za ta jure tseren juriya na kilomita 22 ba, wannan sai kun gama haɗi da wuri kun yi ta gwaji a fili, don nan ne motoci da yawa ke mutuwa.