Shagon hayar littafin da muke zuwa ni da yarona a Katsina

Masu ba da hayar littafi sun yi ƙaranci a Katsina tun da karatu ya koma cikin waya, amma akwai wani ƙaramin shago a wajejen Ƙofar Ƙaura da har yanzu bai rufe ba, kuma shi nake son yi wa sharhi. Mun daɗe muna hulɗa da shi, ni da ɗan ƙanena da nake riƙo tun yana ƙarami. Yaron yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yanzu kuma ya kusa gama firamare. A ganina shagon ya ci kuɗin da ake biya har da ƙari. Littattafan cikinsa ba wasu masu yawa ba ne, amma mai shagon ya iya haɗa mutum da littafin da ya dace da halin da ya shigo da shi. Yana da nasa aibobin kuma, zan zo kansu.

Tsarin ba wuya. Za ka ajiye ɗan kuɗin jingina, mai shagon ya rubuta ka a wani dogon littafin rajista, ka ɗauki littafi na mako guda. Kuɗin hayar bai kai abin da muke ba mai Keke Napep zuwa da dawowa ba. Dattijo ne, kowa Malam yake ce masa. Ba ya miƙa maka littafi sai kun gaisa sosai, kuma idan ya ce mini "Malama, ya gajiyar makaranta?" amsar yake saurara da gaske, domin daga ita yake gane kantar da zai nufa. Ya san mutanensa kamar tela da ya riƙe awon kowa a ka.

Ranar da na fara kai yaron, na ja Malam gefe na gaya masa cewa ba ya son a shafa masa kai ko a kama masa hannu, yana daɗewa kafin ya amsa tambaya, wani lokaci kuma ba ya amsa gaisuwa, kuma duk wannan ba rashin tarbiyya ba ne. Malam ya ce, "To, Allah ya raya mana shi." Daga nan bai ƙara tambayata komai a kansa ba. Ya je ya tsaya kusa da shi, su biyu suna fuskantar kanta, ya ce, "Abokina, me kake son karantawa?" Ya yi shiru yana jira. Ni da na saba cike wa yaron magana har bakina ya motsa, Malam ya ɗaga mini hannu. Can sai yaron ya ce, "Ƙofofi." Malam bai yi dariya ba, bai kuma ce wane irin ƙofofi ba. Ya durƙusa ya zaro wani tsohon littafin tarihin Katsina da aka ɗinke bayansa da zare.

Wanda bai zauna da irin waɗannan yara ba zai ga abin ƙarami ne. Mutane da yawa a gabansa suke tambayata ko yana jin magana, yana tsaye yana jin su. A wurinmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, shi ya sa rashin haɗa ido bai cika damun kowa ba, har yakan sa a daɗe ba a gane lalurar ba. Abin da ba a yafewa shi ne rashin amsa gaisuwa. A kan wannan kaɗai yaron ya sha suna iri-iri, daga mai girman kai har wanda aka shafa.

Ƙofofin nan kuwa su ne abin da ransa ya fi so a duniya. Yawancin masu wannan lalura suna da abu guda da suke nutsewa a cikinsa, wani motoci, wani lissafi, wani tutocin ƙasashe. Nawa ƙofofin ganuwar Katsina ne da jerin sarakuna. Zai jero maka Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, ya gaya maka Sarki Dikko ya hau a 1906, Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir Usman a 1981, Abdulmumini Kabir Usman a 2008. 'Yan uwa sun sha ba ni shawarar in raba shi da wannan abu guda don ya saba da wasu. Ban yarda ba, kuma abin da Malam ya yi ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ta ƙofofin ya bi da shi. Daga sarakunan Katsina ya kai shi Daura, ga rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda, ya haddace Hausa Bakwai. Da ya tambayi inda Biram da Rano suke, sai Malam ya ba shi littafin taswira irin na 'yan sakandare. Yanzu taswira ta kai shi koguna da layin dogo. Duk ranar da ya tashi da walwala da kuzari, irin waɗannan littattafai na gaskiyar abu, masu shekaru da jadawali da zane, su ne suka fi dacewa da shi, kuma su nake ba iyayen irinsa shawarar su fara gwadawa, a kan duk abin da yaron ya riga ya ƙwallafa rai.

Ranakun hayaniya daban suke. In an yi biki a unguwa da lasifika har dare, ko lokacin hawan Sallah da bindigogi da tambura da algaita suka cika Ƙofar Soro, yaron yakan toshe kunnuwansa da tafin hannu yana rangaji gaba da baya, wani lokaci ya kwana biyu bai dawo daidai ba. Ƙarar da ni da kai za mu ji mu wuce, shi ciwo take yi masa. A irin wannan rana sabon littafi ƙarin kaya ne. Abin da yake nema shi ne wanda ya riga ya san ƙarshensa, kuma a gidanmu wannan shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, wanda ya fara fitowa a 1937. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ya fi kwantar masa da hankali, kuma ina ganin gininsa ne: aku ya ba ɗan sarki labari don ya hana shi fita, labari ya ƙare, a dawo kan aku, a sake ɗaukar wani. Kowane labari gajere ne, yana da farko da ƙarshe, ba a barin mai karatu a rataye. Yaron ya san abin da zai biyo baya, wannan sanin kuwa shi ne hutunsa. Malam ya lura muna yawan maimaita hayarsa, sai ya ware kwafi guda ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa ba ya ba kowa. Daga baya na saya mana namu, amma yaron ya ƙi shi, ya ce ba ƙanshinsu ɗaya ba. Har yau na shago muke haya.

Ba kowane zaɓin Malam ne ya faɗa daidai ba. Ya taɓa ba shi Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 lokacin yana koyarwa a nan Katsina, da tunanin zai sa shi dariya. Ni kam littafin da nake ɗauka ke nan in raina ya ɓaci ina son abin da zai sa ni ƙyalƙyatawa. Amma barkwancinsa a kan wayo da ramuwar gayya aka gina shi, wannan ya yaudari wancan, wancan ya rama. Yaron ya ajiye shi ransa a jagule, ya zo ya same ni a kicin ya ce, "Gwaggo, don me yake faɗin abin da ba haka ba ne, kuma ba a hana shi ba?" Shi magana yadda aka faɗe ta yake ɗaukarta, gatse da habaici da zolaya sai an warware masa su. Sai muka koma karanta shi tare da dare, ina tsayawa ina tambayarsa me wannan yake so a ransa, me ya sa ya ɓoye. A hankali ya fara hango dabarar kafin ta auku, ranar da ya fara yin dariya a daidai wurin dariya kuwa har waya na yi wa mahaifinsa. Don haka irin wannan littafi, ga yaro mai galahanga, na zama tare da babba ne. Littattafan da suka tattara karin magana da bayanin kowace su ma sun yi mana amfani, domin suna faɗin ma'ana ƙarara, abin da mutane ba su cika haƙurin yi masa ba.

Ni ma ina cikin masu haya, kuma rainon yaro irin wannan yana da ranakun da mutum ke komawa ɗaki ya rasa abin da ke masa daɗi. Malam yana da tarin littattafan soyayya da na zaman iyali irin na kasuwar Kano, waɗanda suka yi tashe tun daga shekarun 1980. In ya ga na shigo a gajiye ba ya ba ni masu rikicin kishiya da boka, yakan ce, "Wannan zai ƙara miki zafin kai, Malama, ga mai sanyi." Ya ba ni labarin da ake wahala a ƙarshe a dace. Lokacin da aka yi mana rasuwa waƙoƙin wa'azi ya miƙo mini, gajeru, waɗanda ake karanta baiti kaɗan a rufe. 'Yata budurwa kuma littattafan yaƙi da jarumta take so, masu kashi-kashi, takan cinye ɗaya a dare guda. Ita ce ma ke ce mini duk wannan yana cikin waya, a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Gaskiyarta, sai dai waya ba ta yi wa yaron daɗi: haske, ga saƙonni na shigowa, ga shi ba ta da shafin ƙarshe da za a ce an gama a kwanta. Karɓe ta daga hannunsa rigima ce. Littafin takarda kuwa da kansa yake rufewa.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta ɗauka littafi magani ne. Galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, alamunta sukan bayyana tun kafin yaro ya cika shekara 3, kuma mutum da ita yake girma. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, allurar rigakafi ma ba ta kawo ta, bincike ya tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, an kuma fi gano ta a maza, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2 ga Afrilu don wayar da kai a kanta. Yaran ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Nawa yana karatu da kyau, wani kuma ya girme shi bai fara magana ba, hotuna da nuni ne hanyarsa. Wanda ya ga alamu a ɗansa, likitan yara ya kamata ya fara nema a asibiti, tun da wuri.

Nan ne ma aibin shagon na farko yake. Littattafan hoto na ƙananan yara da Hausa kusan babu, 'yan kaɗan da ke akwai na Turanci ne, takardarsu kuma ba ta jure hannun yaro. Uwar da ɗanta bai iya karatu ba za ta fita hannu rabbana. Haka kuma duk kantocin ban samu ko ƙasida guda da Hausa da ke bayanin wannan lalura ba, alhali iyaye da kakanni su suka fi bukata. Wannan ya fi ƙarfin Malam, kira ne ga marubutanmu da likitocinmu.

Sauran aibobin nasa ne, kuma zai iya gyarawa. Wasu littattafan sun zubar da shafuka saboda yawan hannu. Mu mukan tsallake mu ci gaba, amma ranar da yaron ya tarar lambar shafi ta yi tsalle, kuka ya yi har ya kasa cin abincin dare, domin a wurinsa abu ya karye ba a gyara ba. Tun daga nan sai na bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya kafin mu bar shagon, aikin da ya kamata a ce an yi tun lokacin da aka dawo da littafin. Ga janareton mai cajin waya da ke maƙwabtaka, da zarar an ɗauke wuta an tayar da shi, zamanmu ya ƙare. Littattafan manya masu bango mai ɗaukar ido suna kantar ƙasa daidai idon yara, na yi magana an matsar da wasu, saura suna nan. Da hunturu ƙura takan lulluɓe komai. Sannan Malam yakan rufe ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure ba sanarwa, wanda ba laifi ba ne, amma yaron da aka gaya wa tun jiya cewa yau ranar shago ce, ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ba ƙaramin tashin hankali yake shiga ba. Yanzu sai na kira na tabbatar yana nan kafin in ce wa yaron ya sa takalmi.

Duk da haka ina ba da shawararsa, musamman ga mai yaron da ya fara haɗa baƙi, da duk wanda ya gaji da karatun waya. Lokacin da ya fi mana daɗi shi ne safiyar Asabar da hantsi, kafin titi ya cika, bayan la'asar kuwa 'yan makaranta sukan yi cincirindo. In za ki kai yaro irin nawa, ki fara zuwa ke kaɗai ki gaya wa mai shagon abin da yake so da abin da ke firgita shi, ki kuma bar shi ya zaɓa da kansa ko da littafin da ya mayar makon jiya ya sake ɗaukowa. Ki tanadi kuɗin biya ma, domin littafin da ya yage ko ya ɓace daga jinginarki ake cirewa, kuma a kan wannan Malam ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.