Garejin da ba a ɗura ashar

Akwai wani dattijo mai gyaran babur a wajen Ƙofar Ruwa, Kano, wurinsa nake tura kowa. Kaburata yana wanke ta tsaf, kuma ba ya sa ka sayi abin da bai lalace ba. Sai dai akwai jira, aiki ya yi masa yawa.

Ni bakinsa ne ya fi burge ni. Kun san gareji da ashar, amma nan ko yaro ya ɓatar da sifana, iyakaci Baba ya ce "ja'iri!" ko "ƙaniyarka!" In ransa ya ɓaci sosai, "assha, an yi shaƙiyyi." Rabona da jin irin waɗannan tun bakin kakata. Shi ya sa nake zuwa da ɗana hankalina kwance.